Ja-da-Ɗorawa a Ƙafar 'Yar Fari

Ƙaramin sauti ne, bai kai ƙarar fasa kwanson gyaɗa ba. Ina zaune a bakin ɗakin Inna, mahaifiyar mai gidana, ina tankaɗen garin dawa, sai na ji ɗas daga ciki, sannan tak-tak-tak, kamar ana ƙwanƙwasa wani abu da farce. Na san sautin. Duk matar da ta riƙe gida a shekarun nan ta san shi. An raba kafso gida biyu ne, ana kakkaɓe garin da ke cikinsa.

Bayan haka na ji yarinya ta ja iska ta tsakanin haƙora.

"Sannu takwara," in ji Inna. "Daure. Yanzu zai bushe."

Hannuna ya tsaya a kan rariya, amma ban tashi ba. Yarinyar da ke ciki 'yata ce ta fari. Tun da aka yaye ta Inna ta ɗauke ta, ta taho da ita ƙauyensu da ke cikin duwatsun ƙasar Roni, kamar yadda aka saba yi. Kuma sunan Inna aka raɗa mata. Saboda haka kunya biyu ce a kaina: ta 'yar fari da ta sunan suruka. Ban taɓa kiran sunanta ba. Ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba tun da ta bar nono. In zan ba ta abu sai in ajiye a gefe in ce, "Ke, ɗauki." Ita kuwa Yaya take ce mini, kamar yadda ta ji ƙannen ubanta suna kirana. A lokacin ta fara famfara, haƙoranta na gaba babu.

Ni a Kazaure nake zaune. Mai gidana malamin gona ne, an tura shi Babura, sai ƙarshen mako yake leƙo mu. Ran nan na zo gaishe da Inna ne, tsakiyar damina, gero ya kai ƙugu. Da na shigo na lura yarinyar ba ta fito ta karɓi kayana ba. Ban tambaya ba, ba a tambaya. Inna ce ta ce da kanta, "Takwarata ta ɗan taka kwalba a bayan gida, tana kwance." Na ce, "Allah ya sawwaƙe," da irin muryar da ake yi wa 'yar maƙwabta.

Shekarun kuɗin fetur ne. Rediyo ya shiga ƙauye, kwano ya fara hawa kan ɗakunan ƙasa, samari sun sayi agogo. Tare da su kafso ya shigo. Ranar kasuwa mai magani zai zo a kan kekensa da akwati a baya, ya shimfiɗa leda, ya zuba su tuli-tuli kamar kayan miya. Ba wanda ya san sunayensu, da launi ake kira: fari, ja-da-baƙi, ja-da-ɗorawa. Wannan na ƙarshen shi ne sarki. Yaro ya yi gudawa, a kwance ɗaya a koko. Kai ya yi ciwo, a haɗiye ɗaya. Kaji sun fara gyangyaɗi, a kaɗa musu a ruwan sha. Akuya ta yi kwantsa, a busa mata a ido. In kuwa rauni ne, sai a barbaɗa garin a kai a ɗaure. Ɗaya ake sha, in an ji dama a ajiye sauran don gaba. Wanda ya shanye duka ma ana ganin almubazzari ne. Haka ake yi a ƙauye, haka ake yi a Kazaure, har a gidajen malaman makaranta.

Inna tana ajiye nata a wani gwangwanin alawa, a ƙarƙashin tasoshin jerenta. Kuma saboda son da take yi wa takwararta, ba a taɓa yi wa yarinya hidima da kafso kamar ita ba. Ko atishawa ta yi sau biyu, gwangwani ya sauko.

Sai da la'asar na ga ƙafar. Inna ta fito da ita inuwar zaure don ta sha iska, ta kwance tsumman ta sake barbaɗawa. Ina wanke-wanke, ina kallo ta wutsiyar ido. Yankan a tafin ƙafa yake, kusa da babban yatsa. Garin ya haɗu da ruwan ciwo ya yi ɓawo rawaya, amma gefen ɓawon ya kumbura yana sheƙi, kuma da Inna ta danna, mugunya ta ɓullo ta ƙarƙashi. Na yi sakandare ta 'yan mata, na taɓa leƙa madubin likita a ajin kimiyya na ga ƙananan halittun da ido ba ya gani. Ban san abu mai yawa ba. Na dai san ciwon da ke warkewa ba haka yake ba.

Da muka idar da magariba na durƙusa kusa da tabarmar Inna.

"Inna, ƙafar nan kuwa ba ta so a nuna wa malamin asibiti ba?"

"Wace ƙafa?"

"Ta yarinyar nan."

Ta juyo ta dube ni sama da ƙasa. "Ikon Allah. Yau ke ce da bakin magana a kanta? Ku zo ku ji, ashe a boko ba a koyar da kunyar 'yar fari."

Matan gidan suka yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, ni ma na yi murmushi na sunkuyar da kai. Amma Inna ba ta tsaya nan ba. Ta rage murya yadda ni kaɗai zan ji.

"'Yar nan, kafin abin nan ya zo ƙasar nan, na sa 'ya'ya a ƙasa, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ƙurji kawai, ko gudawar wuni guda. Autana da maruru ya ci masa cinya har ana jin wari daga zaure, me ya tashe shi? Wannan ne, da ikon Allah. Ba labari aka ba ni ba. Ki kwantar da hankalinki."

Gaskiya ta faɗa, na san autan, na ga tabon. Abin da ya ɗaure mini baki ke nan, fiye ma da kunyar.

Na ce kwana biyu zan yi, amma ban tafi ba. Na ƙirƙiro wa kaina aiki: surfe, wankin kayan Inna, gyaran wake. Kullum ƙafar na ƙara cika. Inna ta ninka hannu, ta barbaɗa da safe, ta barbaɗa da rana, ta kwance wani a koko ta ɗura mata. Ta yi tofi, ta sa an karɓo rubutu. Ni kuma a kowace sujada sai in daɗe. Sunan da ba na iya faɗa a fili, can nake faɗarsa. Yarinyar ta daina cin tuwo, sannan ta daina shan koko. Jikinta ya yi zafi har in ka wuce kusa da ita sai ka ji hucin. Ƙudaje suka gano tsumman.

Wata safiya Inna ta zaga bayan gida da butarta. Na shiga ɗakin, na ɗaga zanin da aka lulluɓe ta da shi. Ƙafar ta zama kamar taɓarya, yatsun sun rarrabu saboda kumburi. Daga idon sawu wani jan layi ya miƙe yana hawa ƙwauri, kamar an ja shi da jan-baki.

"Yaya," ta ce, idonta a rufe, "ɗakin nan juyawa yake."

Ban san lokacin da na sunkuce ta na saɓa a baya ba. Na ɗaure zani na fito tsakar gida. Mai daka ta tsaya da taɓarya a sama. Mai shara ta miƙe. Inna ta dawo ta same ni a tsaye, da jikarta a bayana.

"Sauke ta."

"Inna, ku yi mini aikin gafara. Jan ya wuce idon sawu."

"Na ce ki sauke ta."

Ban kwance zanin ba. Ta matso, ta ajiye buta, ta kama ƙafar da ke reto a gefena ta duba. Sannan ta tura hannu matsematsin yarinyar, ta taɓa kaluluwa ta yi kamar ƙwan zabo. Na ga fuskarta ta sauya. Ta san wannan. Ta taɓa jin irinsa a jikin waɗanda ta binne.

"Ɗauko mini mayafina," ta ce wa ɗaya daga cikin matan. Ta juyo gare ni. "Ba ni ita. Ba za ki ratsa gari da 'yar fari a bayanki ba, a yi ta yi da ke har ki tsufa."

Ita ta goya ta, da tsufanta, har bakin hanya. Ruwa ya cinye burjin, motoci ba sa shigowa sai ranar kasuwa. Muka zauna a gindin wata tsamiya har rana ta take, kafin wata a-kori-kura mai ɗauke da buhunan taki ta tsaya. Direban ya leƙo, ya ga ƙafar, ya ce wa yaransa su koma baya. Duk ramin da motar ta faɗa, sai yarinyar ta yi ƙara, Inna ta ce, "Ya Salamu," ni kuma in matse bakin mayafina.

A asibitin Kazaure malamin da ke ba da kati ya ɗaga biro. "Sunan yarinya?"

Ni yake kallo. Na buɗe baki, abin ya ƙi fita.

"Baiwar Allah, sunan yarinya nake tambaya. Ko tsintarta kuka yi?"

"Kai yaro, uwarta ce," in ji Inna. "Sunana ne, ni zan faɗa. Rubuta."

Sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Suka kankare ɓawon, suka wanke ciwon, suka fara mata allura. Muka sa rai. Amma zazzaɓin bai sauka ba, jan ya ci gaba da hawa a hankali kamar ruwa a bangon ƙasa. Da ya kusa gwiwa, malamin asibitin ya kira mu gefe ya ce mu wuce Kano, kada mu jira gobe. Na aika wa mai gidana ta bakin wani direban Babura, muka shiga kiya-kiya.

A babban asibitin Kano aka ba mu gado kusa da taga. Likitan matashi ne, siriri, mai yawan tura tabarau da yatsa. Ya tsaga wurin ya fitar da mugunya, ya shafo kaɗan da tsinken auduga ya sa a kwalba aka tafi da ita. Sannan ya zaro biro daga aljihu, ya zana layi a fatar yarinyar, daidai inda jan ya tsaya.

"Wannan ce iyakarmu," ya ce. "Iya, me aka sa mata a gida?"

"Magani," in ji Inna.

"Wane iri?"

"Mai kyau. Ja-da-ɗorawa."

"Tun yaushe take shan sa?"

"Tun tana tatata. Ni ba na wasa da lafiyar takwarata."

Ya tura tabaransa. Aka canza mata magani kafin sakamako ya fito, aka ɗaura mata ƙarin ruwa. Mai gidana ya iso, ya tsaya a baranda, shi ma kunyar ta hana shi matsowa bakin gado. Ta taga yake tambaya, "Yaya mai jikin?" Mai gidan nawa likitan ya gaya wa maganar da ni ba a gaya mini ba, amma na karanta ta a tafiyarsa da ya dawo. Sai da na matsa ya ce, "Ya ce in abin ya kai ƙashi, ko ya shiga jini sosai, to sai dai a ceci rai a bar ƙafa."

Na koma na zauna, na dubi 'yan yatsun nan da har yanzu akwai sauran lalle a farcensu.

Washegari jan ya taɓa layin biro. Wanshekare ya haura shi da faɗin yatsa. Yarinyar ta fara surutai, tana kiran kajin Inna, tana cewa a rufe akurki. Na tsefe mata kitso don in riƙa shafa mata ruwa a kai. A asibiti ba wanda ya san 'yar fari ce, ba mai yi mini dariya, amma duk da haka sai Inna ta kau da kai nake taɓa ta.

Da hantsi wata nas ta zo ta ce likita na kiran uwar yarinya. Inna ta ce, "Je ki, ke kike jin yarensu."

Na same shi a wani ɗan ɗaki mai warin magani. A gabansa akwai wani faranti na gilashi mai murfi, faɗinsa kamar bakin ƙaramar tasa. Ya ce, "An ce kin yi makaranta. Zo ki ga abin da ke cin ƙafar 'yarki."

'Yarki. Ba a taɓa faɗa mini haka gatsal ba.

A cikin farantin akwai wani abu kamar daskararren kamu, samansa ya yi furfura. Ya ce furfurar nan su ne ƙwayoyin cutar, an shuka su daga mugunyar sun tsiro. A kai an jera wasu 'yan fararen takardu, kowace kamar anini, kowace an jiƙa ta da magani iri guda.

"In magani na kashe su, za ki ga fili fes kewaye da takardarsa, ba sa iya matsowa. Duba wannan. Shi ne ja-da-ɗorawan Iya."

Na duba. Furfurar ta zo har jikin takardar, ta kewaye ta, kamar ciyawa a gindin turke.

"Ba ya taɓa su ke nan?"

"Yana shiga cikinsu. Zama ne ba ya yi." Ya jawo takarda ya zana ƙwai, ya yi masa wasu 'yan ƙofofi a gefe. "Ƙwayar cuta 'yar halitta ce mai bango. Maganin nan sai ya ratsa bangon, ya taru a ciki da yawa, sannan ya tsayar da ita. To ba a daɗe da ganowa ba, wasunsu suna da abu a jikin bangon kamar famfo. Kin ga injin ban-ruwa da masu lambu suka fara saye? Irinsa, amma shi waje yake turawa. Magani na shiga, famfo na fitar da shi. Ba ya taɓa taruwa."

"Su suka ƙera shi?"

Ya yi 'yar dariya. "Allah ya halicce su da shi, wasu da shi, wasu babu. A da masu shi kaɗan ne. Amma duk ranar da aka sha kafso ɗaya aka ajiye, ko aka barbaɗa a fata, sai marasa famfo su mutu, masu famfo su rage. An yi musu noma ke nan, an cire musu ciyawa. Su hayayyafa su cika gonar. Har aron dabarar suna ba wa junansu. Wani famfon ma ba ya zaɓe, magani iri-iri yake watsarwa. Yarinyar da ta tashi ana ba ta kafso tun tana tatata, waɗanda ke zaune a fatarta duk gwanaye ne. Kwalba ta buɗe musu ƙofa kawai."

Ya ƙara da cewa ba zai rantse mini cewa famfon ne a wannan ƙwayar ba, farantin ba ya nuna haka, don suna da dabaru fiye da ɗaya. Allurar Kazaure, alal misali, lalata ta suke yi tun kafin ta iso. Amma ga ja-da-ɗorawa, famfon ake zargi.

Ni dai idona na kan farantin, ina bin takardun ɗaya bayan ɗaya. Wannan furfura har jiki. Wannan ma. Wanda aka canza mata da muka zo, ɗan siririn fili ne kamar zare. Sai can gefe na ga guda ɗaya da fili kewaye da ita, fes, kamar an share.

"Wannan fa?"

"Shi ne abin da ya rage mana. Ba a sayar da shi a kasuwa, ba su san shi ba tukuna. Ta jijiya za a ba ta, a kan lokaci, har ya ƙare, ko da ta tashi tana rawa. Kuma don Allah kada a ƙara sa wa ciwon nan komai."

"Zai yi?"

"A faranti ya yi. A ƙafa sai mu roƙi Allah. Ciwon ya riga ya yi nisa."

Na fito ina salati a zuci. Da na shigo ɗakin marasa lafiya na hango Inna ta juya wa mutane baya, ta sunkuya a kan ƙafar. Ta kwance bakin bandejin. A cinyarta ga haɓar zaninta a kwance, ga kafso ja-da-ɗorawa a tsakanin yatsunta. Ashe da su ta taho.

Na kama wuyan hannunta.

Tunda aka kawo ni gidansu ban taɓa riƙe hannun Inna ba sai a gaisuwa, ina durƙushe. Na ji ƙashin, na ji jijiyarta na bugawa. Ta ɗago ta dube ni, idanunta jajur.

"Sake ni."

"Inna, don girman Allah."

"Sun sa mata ruwan gishiri a leda suna kallonta tana tafiya. Tun da muka zo me suka yi? Zane da biro! Ni in zauna in naɗe hannu? Sake ni, 'yar nan, kada in yi miki baki."

Na durƙusa a ƙasan siminti, amma ban saki ba. Matar gadon kusa ta daina fifita, tana kallonmu.

"Inna, kun tuna shekarar da ruwa ya shiga ɗakinku ta ƙofa? Kuka tsaya da ƙwarya kuna kwarfewa?"

"To?"

"Ya cika ɗakin?"

"Ina zai cika ina tsaye?"

"To haka abin da ke cikin ƙafar nan yake yi wa maganinku. Kuna zubawa, yana kwarfewa. Na gani da idona, likita ya shuka su a faranti, sun tsiro har a jikin maganin. Ba lalacewa ya yi ba, Inna, maganin da ya tashi autanku ne. Su ne suka san shi. Akwai guda ɗaya da ba su sani ba, yanzu za a kawo. Ya ce in an sa wani abu a ciwon, aikin zai ɓaci."

Hannunta ya yi sanyi a cikin nawa.

"Yanzu ciwo ma ya yi wayo," ta ce a hankali. "Shi ma boko ya shiga?"

"Kusan haka ne, Inna."

Ta dubi kafson, ta dubi takwararta da ke numfashi sama-sama. Ba ta tambaye ni wa ya koya wa ciwon wayon ba, ni ma ban faɗa ba. Ta mayar da shi haɓar zani ta ƙulle, ta ce, "Ɗaure mata ƙafar." Sannan ta jawo carbinta ta juya fuska ga bango.

Aka kawo sabon maganin. Daga nan ba abin da ya rage sai kallon agogo da kallon layi. In lokacin allura ya kusa, sai in je in tsaya a bakin ɗakin nas-nas, har ɗaya ta ce, "Hajiya, kin fi ƙararrawar makaranta." Likita ya sake zana layi a saman na farko. Wuni guda jan bai haura ba, bai kuma sauka ba. Na auna da yatsana bayan azahar, na auna bayan la'asar, har Inna ta ce, "Za ki goge musu zanen." Mai gidana ya yi ta safa da marwa a baranda. An ce likitan ƙashi zai zo ya duba.

Kashegari da sassafe na ga kamar akwai 'yar tazara tsakanin jan da biro. Na ji tsoron in faɗa, kada ido ne ke yaudarata. Na jira har rana ta ɗaga, haske ya shigo ta taga sosai. Tazarar tana nan. Fatar ƙwaurin da ke sheƙi ta fara tattarewa kamar tumatirin da ya kwana biyu. Likitan ƙashi ya zo, ya latsa nan ya latsa can, ya yi magana da namu da Turanci, na tsinci abin da na tsinta. Namu ya juyo ya ce wa Inna, "Iya, ƙashi lafiya. Ba mu fita daji ba tukuna, amma mun ga hanya. Ƙafa tana nan."

Inna ta ce, "Alhamdu lillahi," ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na motsi.

Wajen azahar gumi ya karyo wa yarinyar, ya jiƙa matashi sharkaf. Na taɓa goshinta, ban ma duba ko Inna na kallo ba. Sanyi. Ta buɗe ido, ta bi silin da kallo, ta dubi ledar ruwan da ke rataye, ta dubi kakarta. Sannan ta ɗan motsa yatsun ƙafar a cikin bandeji, ta yamutsa fuska. Inna ta miƙo hannu, yarinyar ta ture shi, ta juyo gare ni da bakin nan nata mai giɓi.

"Yaya, ƙafar nan ƙaiƙayi take yi mini. Ke ki sosa mini, hannun Inna kaushi gare shi."